Hular Baffa Iro da Takarar Iya Mai Fito

Duk wanda ya san Baffa Iro a ƙarshen rayuwarsa, kafin ya tuna fuskarsa kansa zai fara tunawa. Kai ne tal, ba gashi ba hula, yana ƙyalli tun daga bakin tasha har cikin kasuwar Kafin Maiyaƙi. Dattijo da furfura a gemu, ga riga wankakkiya, ga carbi a hannu, amma sama fayau! Idan baƙo ya yi masa kallon tausayi, yana zaton iska ce ta fizge hular a kan babur, sai Baffa ya shafa kan nan ya ce, "Ba faɗuwa ta yi ba, tana gida tana jira." Ba ya ƙara ko kalma, haka zai wuce ya bar mutum da baki buɗe.

Ku da muke guruf ɗaya na hira a waya da shi kun san abin da hular take jira. Amma tunda an fara samun masu ba da labarin a karkace, har wani marar kunya yana cewa wai tsufa ne ya taɓa shi, bari in faɗi yadda aka yi, ni da aka yi a gabana. Ƙanin mahaifina ne, shi ya riƙe ni bayan rasuwar babanmu, kuma a shagona na caji da gyaran waya rigimar ta samo asali.

Wasan nan na waya, wanda labari ne ake sakowa babi-babi ta intanet, 'yan wasa na ko'ina a duniya su zaɓi abin da zai faru gaba, ni na fara yin sa idan ba ciniki. Wata ranar kasuwa Baffa ya kawo wayarsa caji, ya leƙo ta kafaɗata, ya ce ƙato da ni ina wasan yara. Bai rufe baki ba aka nuno kogi, da wata tsohuwa a kwalekwale tana haye da mutane. Sai na ji an ja benci. Ya ce wannan matar ta iya tuƙi, wace ce ita? Ranar har la'asar bai koma lambu ba, tumatirinsa suka kwana da ƙishi.

Sunayen cikin wasan duk na Turanci ne, harshen Baffa ya ƙi su, sai ya raɗa wa kowa sabo ba tare da ya yanka ko kaza ba. Garin ya zama Garin Waya. Mai mulkinsa, Tsohon Magaji. Attajirin nan mai zobba a kowane yatsa ya zama Alhaji Tumbi, ko da yake ba wanda ya ga tafiyarsa Makka. Sojan ya zama Dogo. Tsohuwar kuwa, Iya Mai Fito. Yau har 'yan Doguwa da na Bebeji da ke cikin guruf da waɗannan sunaye suke kiran su, na asalin ma wasu sun manta.

Ba ya buɗe wasan sai ya yi sallama, wai ba a faɗa wa garin mutane haka nan kamar akuya. Data kuwa bai taɓa saya ba har ya bar duniya. Zuwa yake ya zauna ya ce, "Sani, buɗe min iskar nan taka," ni in buɗe, ni in fassara masa Turancin, shi kuma ya yi min gyara a fassarar yaren da bai sani ba.

Ana nan, labari ya kai inda Tsohon Magaji ya ce ya gaji zai sauka, za a yi zaɓe, kuma mu 'yan wasa ne za mu jefa ƙuri'a. Duk wanda ya hau, shi zai yanke hukunci a kan wata madatsar ruwa da ake son ginawa, wadda idan an gina ta za ta cinye unguwar gangare inda Iya take fito. Masu wasan suka ƙi faɗar 'yan takara, suka bar mu da hasashe. Kun tuna yadda guruf ya koma. Tasi'u mai shayi, maƙwabcin shagona, na Alhaji Tumbi ne gaba da baya, hujjarsa ita ce mai kuɗi ba ya zama ɗan kallo ranar zaɓe. Samari suka bi Dogo. Wasu suka dage wai ɗan Magaji da ya ɓace tun farkon labari zai dawo ya tsaya. Iya dai ba wanda ya ambace ta, don ita aikinta a wasan kawai ta haye da kai, ta yi maka faɗa idan ka zauna a gefen jirgi, ta koma.

Rannan da hantsi muna teburin Tasi'u aka sako hoto guda, ba rubutu a jikinsa. Tsohon Magaji ne tsaye a bakin ruwa, yana riƙe da hannun Iya a sama. Kowa ya ce tsoho ne zai shiga jirgi, ya riƙe ta don kada ya zame. Turawa ma a nasu zaurukan haka suka ce, na karanta da idona. Baffa ya karɓi wayar, ya nisanta ta, ya matso da ita har hancinsa, sannan ya ajiye a hankali.

"An ɗaga hannu," in ji shi.

Muka bushe da dariya. Ya tambaye mu, a ƙasar Kano aka haife mu ko a ina? Ya ce tun yana saurayi yake zuwa taron siyasa, bai taɓa ganin babba ya kama hannun wani ya ɗaga sama a gaban jama'a saboda santsi ba. Idan uban gida ya ɗaga hannunka magana ta ƙare, kai ne ɗan takara, sauran su je su yi haƙuri. Na ce masa waɗanda suka zana hoton nan ƙila ko sunan Kano ba su taɓa ji ba, balle su san ɗaga hannu. Ya ce hannu ai hannu ne ko a ina.

Tasi'u ne ya kwaɓa lamarin. Ya ce, "Haba Baffa, mai fito fa! Ko fosta ba ta da halin bugawa. Ranar da Iya ta fito takara, ni kuma in cinye ganyen shayin nan nawa ɗanye."

Baffa bai yi fushi ba, da ma shi idan abu ya kai masa wuya sanyi yake yi. Ya sa hannu ya cire hularsa, ƙube mai ruwan ƙasa da yake ji da ita, ya kaɗe ta, ya ninke. Ya ce in danna masa wurin saƙon murya, yana so 'yan guruf duka su ji. Na danna. Ya ce, "Ni Iro, wannan hular ba za ta koma kaina ba sai an kira sunan Iya cikin 'yan takara." Ya sa ta a aljihu, ya ƙarasa shayinsa.

Mun zaci zuwa magariba zai mayar. Masu wasan kuwa, Allah ya shirye su, sai suka shiga jan labari. Babi ya zo a kan ɓarayin doki, babi ya zo a kan gobarar kasuwa, damina ta wuce, aka yi girbi, ba a kira kowa ba. Kan Baffa ya sha rana ya yi baƙi, ya sha sanyi ya yi furu-furu, bai ko gezau ba.

Inna Hajara, matarsa, ta gaji da tambayar mata a gidan suna, ta kai ƙara wurin limamin unguwa. Liman ya tsayar da shi bayan azahar, ya yi masa bayani cikin lallashi, cewa addini ba ya son mutum ya wahalar da kansa, rantsuwa idan ta yi nauyi akwai kaffara, ya ciyar ko ya yi azumi ya ɗauki hularsa ya sa. Baffa ya saurara da ladabi, kansa a ƙasa, har Liman ya kai aya.

"Allah ya gafarta Malam, ai ban rantse ba."

"To me ya hana ka sawa?"

"Faɗa na yi. Rantsuwa ita ce mai kaffara. Maganata ban san kaffararta ba, in akwai a littafi a nuna min."

Liman ya yi dariya har sai da ya cire tabarau ya goge ido, ya ce ya tashi ya tafi. Inna ta yi kwanaki tana dafa masa tuwo ba man shanu, bai ko nuna ya lura ba.

Da ya tsaya nan da sauƙi. Sai ya ce ɗan takara ba ya cin zaɓe daga ɗaka. Ranar kasuwa ya dinga bin rumfuna, 'yan tumatir, 'yan kifi, 'yan acaɓa a bakin tasha, kowa ya gaisa da shi sai ya ce, "Kada dai a manta da Iya." Ba ya bayani. Lokacin kuma zaɓen ƙananan hukumomi na gaske ya matso. Mata suka fara tare shi suna tambayar wace jam'iyya take, yaushe za ta raba atamfa. Shi kuma ya ce ba ta raba ko allura, abin da ya sa yake son ta ke nan.

Wani mai neman kansila, ba zan kama suna ba, ya san kansa, hankalinsa ya tashi. Ya turo mutum biyu shagona, da manyan riguna da turare. Suka durƙusa suka gaida Baffa, suka ce Honorabul ya ji ana tallan wata baiwar Allah daga bakin ruwa, shi mai girmama mata ne, yana so a zauna a fahimci juna, idan ta janye za a ba ta shugabar mata. Na buɗe baki zan yi musu bayani, Baffa ya take min ƙafa.

"Ku gaya masa Iya ba ta janyewa."

"Ko za mu iya ganin ta, Baba?"

"Tana bakin ruwa, aiki take."

Wallahi an gaya min yini guda suka yi a gaɓar Tiga suna bin masunta suna tambayar gidan Iya. Har yau idan ɗayansu ya hango ni a kasuwa sai ya canja layi.

Inda abin ya daina ba ni dariya shi ne da maganar aurena ta taso. Rabi, wadda nake nema, 'yar Tudun Wada ce, gidansu gidan dattawa ne masu tsari, kuma Baffa ne zai shiga gaba wajen nema, ba ni da wani uban sai shi. Na roƙe shi ya sa hular ko na tsawon gaisuwa ne, a fito ya cire. Ya ce a'a. Na turo Inna, na turo Tasi'u, ya ce a'a. Raina ya ɓaci ƙwarai, na faɗa masa maganar da ta fi ƙarfin bakina, na ce ashe matar da babu ita a duniya ta fi ɗan ɗan'uwansa.

Da safen tafiya na zo da babur, na miƙa masa abin kare kai na masu babur, na ce to ya sa wannan, sai a ce saboda hanya ne. Ya jujjuya shi a hannu.

"Me sunansa?"

"Hular kwano."

"To, ka ji da bakinka."

Ya miƙo min kayana, ya shiga ɗaki. Sai ga shi ya fito cikin babbar riga mai aiki, wadda ba ya sawa sai da salla, a kansa kuma tsohuwar malafarsa ta zuwa kamun kifi, gefenta duk ya zare. Inna ta ɗora hannu a ka. Ya ce hula ya ce, bai ce malafa ba, in tayar da babur rana tana yi.

Ni da na kawo shi ina waje, kunnena a jikin tagar zaure. Waliyyin Rabi dattijo ne mai tsare gida. Bayan an gaisa ya dubi malafar ya tambaya, ko rana ce ta yi yawa a zauren nasu? Baffa bai yi kwana-kwana ba. Ya ce ya yi magana ne a kan wani al'amari, ba ta cika ba tukuna, ba zai lashe amansa ba, kuma girmansu ya wuce ya shigo musu da kai haka nan, shi ya sa ya rufe da abin da ya samu. Waliyyi ya tambayi wane al'amari ne. Baffa ya ce takarar wata baiwar Allah ce a cikin waya.

Na jingina da bango, na ce shi ke nan, Rabi ta tafi. Can sai na ji dattijon nan ya ce da 'yan'uwansa, "Ku ba su yarinyar. In yaron ya gado rabin wannan ba zai taɓa sakin 'yarmu ba, sai dai ta sha gardama." Rabi tana nan, ku tambaye ta, ta ce duka biyun sun tabbata.

A hanyar dawowa ya ce in karya ta bakin dam ɗin Tiga. Rani ne, ruwa ya ja baya. Ya ari kwalekwale wurin wani abokinsa, ya tattare babbar riga, ya tuƙa mu da kansa. Muka yi nisa, sai ya tsaya a wani wuri da ba komai sai ruwa da kan wani busasshen itace da ya leƙo. Ya nuna da haɓa ya ce nan ne ƙofar gidansu, nan aka haifi babana. Ya ce yana saurayi aka zo da motoci aka ce su kwashe, za a gina dam. Bai ce dam bai yi amfani ba, da ruwansa ya yi lambu, da kifinsa ya yi aure, da shi ya riƙe ni. Abin da ya tsaya masa a rai shi ne ba a tambaye su ba. Ya ce da a ce ranar an ɗaga hannun ko mutum ɗaya daga cikinsu ya tsaya ya yi magana, ko ruwan ya ci garin ba zai ji ciwo haka ba.

"Na san zane ce, Sani, ban haukace ba. Amma ko a zane ne, ina so in ga an kira na gangare."

Tausayinsa ya kama ni. Ya juya jirgin, ya yi min faɗa wai na zauna a gefe zan kifar da mu.

An ɗaura aurena da malafa, hotunan suna nan. Farkon damina ciwo ya kwantar da shi, muka kai shi asibiti. Ɗakin da sanyi, fanka ba ta tsayawa. Inna ta faki barcinsa da rana, ta zaro hular daga jakarta ta sa masa. Yana farkawa ya shafa kai, ya cire ta, ya ɗora a kan ƙirji.

"Sani, ka shaida, ban sa ba, sa min aka yi."

Na ce na shaida. Ya tambaya ko an kira. Na ce tukuna. Ya ce za a kira, ya rufe ido ya ci gaba da barcinsa. Bai fito daga asibitin nan da ƙafarsa ba. Abin da ya fara rufe kan nan bayan duk wannan daru shi ne likkafani, shi ma don ba a tambaye shi ba ne.

Ba a daɗe da sadakar arba'in ba babin ya fito. Muka taru a teburin Tasi'u da safe, ina fassarawa, wurin zaman Baffa a kan benci ba wanda ya zauna. Tsohon Magaji ya kira Alhaji Tumbi, jama'ar Garin Waya suka yi tafi. Ya kira Dogo. Muka ɗauka an gama. Sai tsohon nan ya sauko daga dandamali, ya gangara bakin ruwa, ya kama hannun Iya ya ɗaga sama, ya kira sunanta. Ita kuwa Iya sai ta fizge hannunta. Ta ce ba ta son kujerar kowa, tana da mutanen da za ta haye da su, kuma duk mai son toshe kogin nan a bakin jirginta zai same ta zaune. Haka takardar ƙuri'a ta fito da suna biyu.

To, a nan ne nake son masu cewa Baffa ya faɗi su saurare ni da kyau. Wai tunda ba ta cikin ƙuri'a, hasashensa bai ci ba. Saƙon muryarsa yana nan a guruf, ban goge ba kuma ba zan goge ba, ku koma ku ji. Cewa ya yi sai an kira sunanta. An kira ko ba a kira ba? An ɗaga hannu ko santsi ne? Ƙin da ta yi kuwa, wannan ai shi ya nuna Baffa ya san irinsa tun daga nesa. Duk mai ja ya zo shago, ina nan daga safe har yamma.

Tasi'u dai bai ja ba. Ya buɗe gwangwaninsa, ya dumbuzi ganyen shayi ya zuba a baki, yana taunawa hawaye na bin kumatunsa. Da muka kalle shi ya ce ɗaci ne ya yi yawa.

Da yamma na je wurin Inna. Ita ba ta taɓa gane kan wasan ba, ba ta kuma nemi ta gane ba. Abu ɗaya ta tambaye ni, ya ci ko bai ci ba. Na ce ya ci, Inna. Ta shiga ɗaki ta fito da hular, a wanke, a goge, ta miƙo min.

"Ungo, ta gaji da jira."

Ita ce wannan da kuke gani a kaina. Ta yi min yawa, har kunne take saukowa, na san ana dariya idan na ba da baya. A yi ta yi, ba zan rage ta ba. Alhaji Tumbi ya ci zaɓe, ni ban jefa wa kowa ba, an fara aikin madatsar a Garin Waya. Duk mako idan babi ya fito nakan yi sallama in shiga, in gangara bakin ruwa, Iya tana nan zaune a jirginta, ruwan bai iso ba tukuna.

Allah ya jiƙan Baffa Iro, ya yafe masa kurakuransa, ya haɗa shi da mutanen tsohon garinsu a inda ba a cewa kowa ya kwashe. Ranar da za a kira sunaye, Allah ya sa a kira nasa cikin masu rabo.